Gonar Gwaji a Bakin Hanyar Kasuwa

A gidanmu ni aka ba wa boko, kuma ba don an hango wata ƙwaƙwalwa a tare da ni ba. A 1976, da gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin UPE na karatun firamare kyauta, mai unguwa ya bi gida-gida tare da wani malami mai rungume da rajista, ya ce kowane magidanci sai ya fitar da yaro. Baba ya dubi 'ya'yansa maza. Babban yayanmu shi ke riƙe garmar shanu, mai bi masa shi ke kiwo. Ni kuwa in an tura ni korar tsuntsu a gonar gero, a gindin ɗorawa ake tsintar ni ina sharar barci. Ba a yi wata doguwar shawara ba.

A ƙauyenmu na ƙasar Funtuwa ba mai takardar haihuwa, saboda haka hannu ne ke faɗin shekaru. Za ka ɗora hannun dama bisa kai ka kamo kunnen hagu. Na miƙa, na karkatar da wuya, na ɗaga kafaɗa, yatsa ya ƙi isa. Hedimasta ya ce a kai ni rabin aji. Rabin aji kuwa gindin darbejiya ne, littafinmu ƙasa, alƙalaminmu ɗan yatsa. Sai ka sha wahala ka jera ba, be, bi, bo, bu, kafin malam ya iso kanka akuyar maƙwabta ta ratsa ta tafi da rabin karatun a kofatonta. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshe, kuma duk abin da muke jira a duniya shi ne a kaɗa shi a tashi tara, mu ruga da sisinmu wajen masu rogo da ƙuli-ƙuli.

Ni dai murnata ɗaya, na rabu da fartanya. Ashe a wannan shekarar ce kuma gwamnati ta ƙaddamar da OFN, shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya koma gona, har makarantu. Aka yanka mana fili a bayan azuzuwa. Nan da nan malamanmu suka gano cewa kunya ta fi bulala riba. Makara kunya biyu. Surutu kunya uku. Da muka kai aji huɗu aka hana Hausa a aji, duk wanda monita ya rubuta da laifin banakula, kunya biyar. Mu kuwa duk Turancinmu bai wuce gaisuwar safe da neman izinin fita fitsari ba, ga ni da baki ba ya rufuwa. Kafin in kai aji biyar, tafin hannuna ya fi na yayana kanta. Shagari ya zo a 1980 da nasa shirin bunƙasa noma, abin da ya sauya a wajenmu kawai shi ne an ƙara wa gonar faɗi.

Gyaɗa muke nomawa, kuma tana yi. Mu cire, mu tsinke, mu shanya, mu ɗura a buhu. Daga nan ba ma ƙara jin labarinta. Sai dai akwai wani ikon Allah da muka lura da shi: duk shekara, bayan an kwashe gyaɗar da 'yan kwanaki, sai ƙuli-ƙulin gidan hedimasta ya ƙara girma da maiƙo. Mu ne kuma masu saye da kuɗin tararmu. Ban ce komai ba, har yau kuma ba na cewa.

Sakandare ta kwana na yi, can ma ban tsira ba. Na shiga ƙungiyar matasa manoma don an ce suna yanka kaji ƙarshen zango, aka haɗa ni da kwasar kashinsu. Burina in zama akawu, in zauna ƙarƙashin fanka in riƙa buga hatimi. Da sakamako ya fito, darussa biyu ne suka tsaya mini da ƙafafunsu: Hausa, wadda aka yi ta hukunta ni a kanta, da aikin gona, wanda aka yi ta hukunta ni da shi. Ƙofar da ta buɗe ita ce ta kwalejin aikin gona.

Na kai wa Baba takardar a zaure, na karanta masa, na fassara. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Wato duk shekarun nan da ka kwashe, yanzu kuma kuɗi zan biya a koya maka noma?" Na ce wannan noman zamani ne. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Ya sayar da bijimi ɗaya.

A kwaleji aikin nan dai ne, sai dai an sa masa suna firaktikal, an kuma ba mu takalmin roba mai kai wa gwiwa. Akwai tarakta guda da ke zaune bisa bulo ba taya, mun haddace sunan kowane ƙarfe na jikinta ba mu taɓa jin kukanta ba. Amma fa gaskiya an koya mana abubuwa. A nan na san cewa 15-15-15 da ke jikin buhun kamfa kason sinadarai uku ne da shuka ke ci, yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata sinadarin sa ganye kore ne, kuma in ta taɓa jikin shuka sai ta ƙone ta. Na san wuta-wuta tana manne wa saiwar dawa ne tana tsotse ta tun kafin ta leƙo waje, ƙwayar irinta kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma tana jira. Na san masara tana son santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami. Wannan ilimi ya cika mini ciki har ya rasa wajen zama.

Aka ba mu hutu daidai faɗuwar damina. A lokacin masara ta riga ta mamaye ƙasarmu, tun da aikin gona na Bankin Duniya ya sauka Funtuwa a 1975 da sabon iri da taki. Kafin nan masara abar bayan gida ce, a gasa a ci. Baba dai yana nan kan nasa: gero, dawa a gicce, wake a tsakani, kuɓewa a gefe. Na zaunar da shi na yi masa bayani cewa wannan cakuɗe ne, shuke-shuken suna ƙwacen abinci a junansu. Ya ce, "To." Ya yanka mini gayauna a bakin hanyar kasuwa, inda kowa zai gani ya ƙaru. Na ɗauka karramawa ce.

Na fito da igiya da turaku da tef ɗin awo, na sa ƙanena ya riƙe ɗaya bakin. Wani dattijo ya zo wucewa bisa jaki, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sannu da aiki, ɗan Malam. Ɗaki nawa za a fitar?" Ban kula shi ba. Na sa kafinta ya yi mini allo, na rubuta GONAR GWAJI da jan fenti, na haƙa rami har gwiwa na kafa shi, na danne da duwatsu.

Irin da na sayo mai magani ne, an turbuɗe shi da jan gari don kada ƙwari da tsuntsaye su taɓa shi. Saboda kaji da yara, na kai shi ɗakin kakata na rataye, don nan ne ba mai shiga ba izini. Washegari na dawo daga gona na tarar da masara fara sol a shanye bisa tabarma, Iya na zaune a gefe da sanda tana korar kaji.

"Maigida, an cuce ka," in ji ta. "Masarar da suka sayar maka duk jar ƙasa ce. Na wanke maka ita tas. Kai da za ka riƙe ni, ko sayayya ba ka iya ba."

Na tambaye ta inda ta zubar da ruwan, ta ce masai. Na sa ta wanke hannu da sabulu tana ta mita, wai boko ya sa ina ƙyamar matata. Kuɗin wani irin babu, ga ruwa ya sauka. Na shuka shi haka nan, ƙwaya ɗai-ɗai, bisa igiya.

Baba in zai yi shuka, sungumi yake sara yadda ƙafarsa ta kai, a zuba ƙwaya uku ko huɗu, ko ɓarawo sai ya yi lalube. Ni kuwa na sauƙaƙa wa kowa aiki. Kurege da fakara da zabin maƙwabta suka gane lissafin tun daren farko: in ka tono ɗaya, ka matsa taki ɗaya a miƙe, ga wata. Da safe sai in tarar da ramuka a jere, tsaf, ba wanda ya kauce daga layi. Ko a kwaleji ban ga ɗalibin da ya kiyaye santimita 25 kamar kuregen nan ba. Da tsiro ya fito, gonar ta zama kamar bakin Iya, ɗaya nan, ɗaya can, sauran fili.

Ranar kasuwa kuwa sai a yi cincirindo. Wanda bai iya karatu ba ya tambayi wanda ya iya, a karanta masa allon, a dubi gonar, a sake duban allon. Wani ya ce ai gwajin ya yi, an gwada an gani. Na lallaɓa da dare in tumɓuke allon, ya ƙi ko motsi. Duk abin da na sa a ƙasar nan shi kaɗai ya kama da kyau. Hutu na ƙarewa na bar buhun takina a zaure, na hau motar farko tun kafin a fito sallar asuba.

Ban dawo ba sai da kaka ta kusa. Na sauka a mota na biyo ta bayan gari don kada in bi ta wajen, amma ƙanena ya tare ni ya ce, "Yaya, zo ka ga gonarka." Na je ina jan ƙafa. Wallahi ban gane ta ba. Dawa ta yi kai ta sunkuya a duk inda kurege ya yi aiki, wake ya yaɗu ya rufe ƙasa, yakuwa ta zagaye iyaka, 'yan masarata da suka tsira kuwa kowace ta goya goyo biyu don ta samu fili da taki. Ƙanena ya ce Baba ne ya riƙa zuwa bayan la'asar, ya yi dashen dawar da ya cire daga tasa gonar, daga baya ya zuba wake. A gida ba wanda ya ɗaga zancen. Baba ya amsa gaisuwata ya tambaye ni hanya.

Ana haka sai ga wata mota ta tsaya a bakin allon. Wani babban malamin gona ne daga shiyya yake rangadi. Ya aika a kira mai gonar. Na zura takalmin roba na fito, Baba ya biyo ni a baya da 'yar fartanyarsa a kafaɗa, jama'a suka taru.

Mutumin ya zagaya gonar yana gyaɗa kai. Ya ce abin da suke ta faɗa ke nan. Ya ce tun shekarun 1960 masu bincike a Samaru, irin su David Norman, suka bi ƙauyukan Zariya suna auna gonaki, suka gano haɗa shuka ya fi ba ƙaramin manomi amfani a fili ɗaya, kuma in wani ya ƙi wani zai yi. Ya tuge wake ɗaya ya nuna wa mutane 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa, ya ce nan ne yake tara wa ƙasa taki. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Samari, tazarar nawa ka ba tsakanin dawa da wake?"

Na dubi Baba. Baba ya dubi sama, kamar mai duban hadari a watan da ba ruwa. Na ce, "Ya danganta da yanayin ƙasa, yallaɓai." Ya ce madalla, ya rubuta a littafinsa. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Baba, ka gode wa Allah. Ka riƙa koyi da yaron nan."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ina dai ta ƙoƙari."

Kafin ya shiga mota ya ce mako mai zuwa zai kawo manoma daga ƙauyuka biyar, in yi musu bayani dalla-dalla yadda na tsara gonar.

Bayan sallar isha'i na ɗauki littafi da biro na sami Baba a zaure. Na durƙusa, na yi gyaran murya, na ce ina so ya ɗan faɗa mini yaushe ya yi dashen, da kwana nawa ya bari kafin ya zuba waken. Ya rage fitila, ya gyara zama, ya ce, "A kwalejin taku nawa nake biya kowane zango?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "To, kawo rabi."