Sifirin ɗin kilarinet da takardar sigari

Duk mai busa kilarinet, wato abin busa dogo mai kama da algaita amma mai maɓallan ƙarfe, yana da maɓalli guda da ba sa ga maciji da juna. Nawa shi ne wanda ƙaramin yatsan hagu ke dannawa a gaɓar sama. Ya yi tauri, sai ka yi masa da gaske kafin ya motsa. Na ce ai sifirin ne, kuma ba sai an nemi mai gyara a kan ɗan siririn ƙarfe ba.

Wannan sifirin allura ce ta baƙin ƙarfe, gindinta a kafe, bakinta a maƙale jikin maɓallin. Na ari ƙoshiyar kwarashin maiɗakina, na zare bakin, na ɗan lanƙwasa shi don ƙarfinsa ya ragu. Kafin in mayar, allurar ta shige babban yatsana. Ban yi ihu ba, sai dai ƙafata ta ture kujera.

Maɓalli kam ya yi laushi. Na busa, sai ga wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ashe maɓallan iri biyu ne: akwai waɗanda sifirin ke riƙewa a buɗe, akwai waɗanda shi ke danne su a rufe. Nawa na biyun ne. Da ƙarfin ya ragu, iskar busa kaɗai ta isa ta ɗaga 'yar fatar da ke toshe ramin, kuma rami ɗaya idan ya yi yoyo a sama, duk sautin da ke ƙasa da shi ya lalace.

Ni kuwa fatar na zarga. Ana gwada zamanta da takardar naɗa sigari, saboda sirantarta: a sa a ƙarƙashi, a rufe maɓalli, a ja a hankali ta kowane gefe. Inda ta zare ba turjiya, nan ke yoyo. Gyaran kuma shi ne a ɗumama ƙoƙon maɓallin har gam ɗin ciki ya narke, a daidaita fatar. A ɗumama fa aka ce. Laitata ba ta san wannan ba, ta babbake kok, wato ɗan ɓawon itace mai laushi da ke manne a gindin maɓallin, ɗaki ya turnuƙe.

A nan maiɗakina ta shigo. Ta kalli laita, ta kalli takardar sigari, ta shaƙi hayaƙi.

“Maigida, yaushe ka fara?”

Na ɗaga kilarinet a matsayin shaida. Ta ce wannan ma doguwar lofe ce.

Mai gyara bai daɗe a kanta ba. Ya sa ƙugiyarsa ya dawo da lanƙwasar sifirin, ya sauya kok ɗin, ya ɗiga mai a sandar maɓallin, wadda tsohon maiƙo ya daskare a kanta. Taurin tun farko daga nan yake. Sannan ya tambaya, “Malam, wa ya taɓa ta?”

Na ce yara ne. Ya dubi filastar da ke yatsana, ya ce in gaishe su.