Tsohuwar Atamfa Ba Tsumman Goge Ɗaki Ba Ce

Matan Katsina da telolinmu, akwai ɓarnar da ake yi a gidaje ba a ɗauke ta ɓarna ba. Zani ya koɗe a mazauni ko ya yage wajen ɗauri, shi ke nan an yanke masa hukunci: ko ya koma tsumma, ko a cusa shi a buhu gara ta cinye. Alhali atamfofin da iyayenmu suka samu a lefe, Holan da Ingila da na masaƙun Kaduna, auduga ce zalla, saɓanin yawancin masu arha na yanzu da ke da roba a ciki. Zani huɗu irin waɗancan, in an yayyanka su an haɗa da ɗinki, sun isa bargon da zai raba yaro da sanyin Disamba da Janairu.

Kada ma wani ya ce aikin Turawa ne. Duk wanda ya kalli hawan Sallah a Katsina ko Daura ya ga 'yan lifida. Yadi sama, yadi ƙasa, audugar rimi a tsakani, an bi da ɗinki. Dabarar ke nan, ba ƙari.

Amma ba kowane tsohon kaya ake sa wa almakashi ba. Gwado da luru da zanen saƙi na hannu, da babbar riga mai aska takwas, a bar su yadda suke, masu yin su sun yi ƙaranci. Kayan mamaci kuwa gado ne, sai da yardar magada.

A fara da gwaji. Ki ɗaga zanen ki kalli rana ta cikinsa, duk inda haske ya ratso sosai ki zagaye da alli, ya mutu. Ki ja shi tsakanin manyan yatsunki biyu, in ya yi ƙara ya buɗe ba zai riƙe ɗinki ba. Sannan ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ki wanke kowane zani shi kaɗai da sabulu, ban da bilic, ki shanya a inuwa, ki goge. Mai zuba, musamman rinin shuni, a ware shi, in ba haka ba wankin farko zai ɓata duk fararen da ke kusa da shi.

Wajen yanka ne aka fi yin kasala, kuma nan aiki yake lalacewa. A yanki kwali mai inci 6 kowane gefe, shi ne ma'auni, kada a yi da ido. Rabin inci na kowane gefe na ɗinki ne, saura inci 5. Bargo mai faɗin inci 60 da tsawon 80 yana cin ƙyalle 12 a layi, layi 16, jimla 192. Zani mai yadi 2 in lafiyayye ne yana ba da 84, amma tsoho, bayan an fid da mazauni da bakin ɗauri, a ƙaddara wajen 50. A bi zaren yadi wajen yanka. Ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake a ƙarƙashin keke, sai ki ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, bargo ya yi ciki a tsakiya.

Kada a gwama atamfa da leshi ko shadda mai kauri, mai ƙarfin zai riƙa jan mai raunin har ya yage a bakin ɗinki. In dole sai an cika da sabon yadi, a fara wanke shi ya gama tsukewa.

A shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa tukuna, mai duhu kusa da mai haske, a ɗauki hoto da waya don kada tsari ya rikice. A haɗa layi-layi da allura lamba 14, ɗinki matsakaici. Ƙananan ɗinki sosai huda tsohon yadi suke har ya tsinke. Bayan kowane layi a sa dutsen guga, wannan layi haɓar ɗinkinsa ta kwanta dama, na biye hagu, don kada mahaɗa ta yi tudu ta karya allura.

Ciki fa? Telolinmu sun saba da soso, ni ban yarda da shi a nan ba. Yana sa zufa, kuma ba ya daɗewa yake marmashewa a ciki. Tsohon bargo marar nauyi ko zanen gado biyu sun fi. A bayan bargon kuma a sa zanen gado mai ƙwari, ya zarce fuskar da inci 3 kowane gefe. A shimfiɗa ukun a daɓe mai tsabta, a kama su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa baki. Wanda ya fara daga baki zai tara yamutsi a tsakiya, ba gyara sai farkewa. Daga nan a bi kan mahaɗun da keke, kowane inci 5. In auduga aka zuba a ciki, tazara kada ta wuce inci 3, don tana taruwa wuri guda in ta sha ruwa. A datse rarar, a yanki dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka biyu a kalmashe baki da shi. A zaɓi mafi ƙwarin yadi don wannan, baki ne ke fara cinyewa.

Abin da ya rage ma yana da aiki. Ƙyalle 9 suna ba da fuskar matashi mai inci 15, a yi masa baki mai haɗe-haɗe a baya, ba sai an sayi zif ba. Jakar Islamiyya tana son shafi da sabon yadi, hannunta kuma a ɗinke shi sau biyu, littattafai na da nauyi. Ƙanana a tara huɗu-huɗu a yi abin sauke tukunya, amma wannan kam sai wanda ya ci gwajin ashana, don mai roba narkewa zai yi a hannu.