Littafin ƙarin wasan tebur: darajarsa tana cikin gurbin da labarin zane ya bari

A shekarar 1993 kamfanin West End Games na Amurka ya fitar da wani littafi mai suna Dark Empire Sourcebook, wanda ba a karanta shi kamar ƙagaggen labari, kuma ba a iya yin wasa da shi shi kaɗai. Littafin ƙari ne ga wasan labari na kan tebur na Star Wars, fitattun finafinan yaƙin sararin samaniya, wanda kamfanin ya fara sayarwa a 1987, an kuma gina shi a kan labarin zane mai kashi shida da kamfanin Dark Horse ya buga tsakanin 1991 da 1992, wanda Tom Veitch ya rubuta, Cam Kennedy ya zana. Na ɗauko wannan tsohon littafi ne domin har yau ana fitar da irinsa, kuma a ganina masu sayensa da masu rubuta shi suna yawan kuskuren mizanin da ya kamata a auna shi da shi.

Ga wanda bai taɓa zama a teburin irin wannan wasa ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ɗauki wani mutum na cikin labari ya zama shi, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama jagoran wasa, wato mai bayyana wurin da suke da abin da ke faruwa, mai kuma yin magana a madadin duk sauran mutanen duniyar. Idan ɗan wasa ya ce mutuminsa zai yi wani abu mai haɗari, sai a jefa ƙwayar wasa ta yanke hukunci. Wannan salo ya samo asali ne daga wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. A tsarin West End Games ana amfani da ƙwaya mai fuska shida irin ta ludo, kuma ƙwarewar mutum a tuƙin jirgi ko harbi ita ce yawan ƙwayoyin da zai jefa, a haɗa jimillarsu a gwada da lambar da jagora ya sa gwargwadon wahalar aikin.

To, me littafin ƙari ke kawowa? Labarin zane yana nuna duniyarsa ne ta ƙananan tagogi. Mai zane zai nuna maka wani gari a hoto ɗaya ko biyu, jarumai su wuce ta cikinsa, shi ke nan an tafi. A labarin da muke magana a kansa, Sarkin Daula Palpatine ya dawo shekara shida bayan an ɗauka ya mutu, yana sauya jiki daga wani kwafin kansa zuwa wani a duniyar Byss, Luke Skywalker, jarumin finafinan, kuma ya miƙa masa wuya da nufin ya karya shi daga ciki. A gefen wannan babban al'amari ne aka fara nuna Nar Shaddaa, wani wata mai kewaya wata duniya, wanda gine-gine suka rufe shi gaba ɗaya, matattarar 'yan fasa-ƙwauri da masu farautar mutane don lada. Mai karatu zai kalli wurin ya wuce, amma 'yan wasa a tebur ba sa wucewa. Wani zai tambayi wa ke karɓar kuɗin sauka a tashar jirage, wani ya nemi inda ake sayar da kayan gyaran jirgi na sata, wani kuma ya ce zai buɗe ƙofar da mai zanen ya zana don ado kawai. Jagoran wasa ba shi da damar cewa ba a zana bayan ƙofar ba. Aikin littafin ƙari shi ne ya ba shi abin da zai amsa da shi.

Nan ne nake ganin ake yin kuskure. Abin da ya fi jan hankalin masu saye shi ne shafukan da aka jera manyan jarumai da miyagu, kowa da lambobin ƙarfinsa, domin a ga wa ya fi wa. Ban musa cewa akwai daɗi a cikin wannan ba, kuma na san cacar baki a kan lambobin ta daɗe tana raya hirar masoya. Sai dai a teburin wasa waɗannan shafuka su ne mafi ƙarancin amfani. Idan lambobin Sarkin Daula sun kai yadda labarin ya nuna shi, babu ɗan wasan da zai tunkare shi ya tsira, idan kuwa aka rage su har ya zama ana iya kayar da shi, an rushe labarin da aka gina littafin a kansa. Ban da haka, abin da ya sa mugun sarki yake da kwarjini a shafin zane shi ne ba a san iyakarsa ba, ranar da aka rubuta iyakar da lamba kuwa, ya koma wani babban abokin gaba kawai da za a yi wa lissafi. Mafi muni shi ne halin da 'yan wasa ke shiga idan jagora ya biye wa littafin ya sa su bin sawun labarin zane daki-daki: sun san Luke ne zai yi babban aikin, sun san yadda za ta ƙare, sai su zama 'yan kallo a wasan da ya kamata su ne masu shi.

Shi ya sa nake ganin ɗayan littafin kamfanin mai kama da wannan, Tales of the Jedi Companion na 1996, ya samu fili mafi albarka. Labarin zanen da aka ɗauko shi daga ciki ya faru ne kimanin shekara 4,000 kafin zamanin finafinan, lokacin da mayaƙan Jedi, masu baiwa ta musamman irin ta Luke, suke da yawa, suna warwatse a duniyoyi, kowane malami da almajiransa. Ɗan wasan da ya ɗauki Jedi a wannan zamani ba ya rayuwa a inuwar mutum ɗaya da aka riga aka rubuta cewa shi ne zai ceci kowa. Akwai fitattu kamar Ulic Qel-Droma da Nomi Sunrider, amma duniyar tana da faɗin da wani zai yi nasa suna a wani lungu ba tare da ya taka ƙafar kowa ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Mutane da dama suna sayen waɗannan littattafai ba tare da niyyar yin wasa ba, suna karanta su ne a matsayin kundin bayani, kuma tarihi ya nuna wannan aiki ba ƙarami ba ne. Lokacin da West End Games ya fara, an yi shekaru ba a fitar da sabon fim ba, marubutansa ne suka zauna suka raɗa wa halittu da yawa suna, har da Twi'lek da Rodian, waɗanda a fim an gan su amma ba a kira jinsinsu ba. Hukumar leƙen asirin daular da ake kira ISB, wadda daga baya ta zama ginshiƙi a shirin talabijin na Andor, daga littattafan wasan ta fito. Da marubuci Timothy Zahn zai rubuta ƙagaggen labarinsa na Star Wars da ya fito a 1991, an ba shi littattafan kamfanin domin ya dogara da su. Wanda ya ce littafin ƙari kundi ne, yana da gaskiyarsa. Amma a lura da irin abin da ya ɗore daga cikinsu: sunayen ƙabilu, tsarin hukumomi, hanyoyin kasuwanci, yadda ƙaramin ma'aikacin daula ke gudanar da aikinsa. Duk waɗannan an ƙirƙire su ne domin amsa tambayoyin 'yan wasa masu buɗe ƙofofin da ba a zana ba, ba a kuma taɓa jin wani marubuci ya aro lambar ƙarfin jarumi ya gina labari a kanta ba. Ke nan hujjar masu kundin ma a wajena ta dawo.

Sai batun lasisi, wanda shi ne ke ɗaure hannun marubucin. Duniyar ba tasa ba ce, duk abin da ya rubuta sai mai ita ya amince, ba zai kashe jarumi ba, ba zai sauya ƙarshen yaƙi ba. Kamfanin West End Games ya shiga matsalar kuɗi a 1998 lasisin ya kuɓuce masa, Wizards of the Coast ya fitar da nasa wasan a 2000 da wasu dokoki dabam, lambobin tsofaffin littattafan suka daina aiki a sabon tsari. Bayan Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ya mallaki Star Wars, a 2012, a 2014 aka sanar cewa tsofaffin labaran zane da littattafai, har da Dark Empire, ba sa cikin tarihin da sababbin finafinai za su bi. Duk wanda ya sayi littafin domin ya riƙe tabbataccen bayani a kan abin da ya faru a wannan duniya, ya wayi gari da bayanin da masu duniyar suka ajiye gefe. Jagoran da ya saye shi domin Nar Shaddaa kuwa bai rasa komai ba, domin titunanta da 'yan fasa-ƙwaurinta suna nan a shafi, kuma ba ya bukatar izinin wani kamfani kafin ya tambayi 'yan wasansa wace ƙofa za su fara buɗewa.