Taurin ƙasa ba ya hana rami ruftawa

A wuraren gini a Marwa da Garwa da ke arewacin Kamaru, sau da yawa za ka ji lebura yana cewa ƙasar nan laka ce, ta bushe ƙamas, diga ma da ƙyar take shiga, don haka ramin bututu ko na harsashin gini ba zai rufta ba. Wannan kuskure ne.

Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake shuka dawar rani ta muskuwari a kanta, idan rani ya yi tsagewa take yi har can ciki. Sai ka ga bangon rami a tsaye kyam, alhali a bayansa ya riga ya rabu da sauran ƙasa. Ruwan sama guda, ko girgizar tifa da ta wuce kusa, ya isa ya ɓalle shi. Ƙasa mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ta fi tan ɗaya nauyi. Ko ba ta rufe kan mutum ba, in ta kai ƙirji numfashi ya gagara.

A dokar aiki ta Faransa, matsattsen ramin da zurfinsa ya wuce mita 1.30 dole a tokare bangonsa. In babu katako, a faɗaɗa bakin ramin ya yi gangare. Ƙasar da aka haƙo kuma, wadda ’yan’uwanmu ke son tarawa a baki don sauƙin mayarwa, a janye ta baya. A bar tsani a ciki, a sake duba bangon kowace safiya da bayan ruwa.