Manaja yace "sati mai zuwa", agogon kotu kuma yana tafiya

Jama'a bari in amayar da abin da ya daɗe yana cina a rai game da 'yan uwanmu masu aikin kula da tsofaffi a nan Ingila. Wata ƙanwata ta bar aiki a wani kamfani, suka riƙe mata albashin watan ƙarshe da kuɗin hutun da bata ci ba, kullum ta kira manaja sai yace tayi haƙuri akanta mai biyan albashi ne yayi tafiya, sati mai zuwa, ƙarshen wata, ita kuma da kunya irin tamu sai tace toh ba komai. Sai da wata huɗu ya wuce sannan take faɗa min. Wallahi raina ya ɓaci, don mutumin nan ya san sarai abin da yake yi.

Kotun ma'aikata wata uku ba kwana ɗaya take baka ka shigar da ƙara, daga ranar da ya kamata kuɗin su shigo asusunka. Kuma kafin ka cike fom ɗin ET1, wato takardar shigar da ƙarar, dole ka fara sanar da ACAS, su ne masu sasanci, kyauta ne, kuma kana sanar dasu lissafin kwanakin ya tsaya har su baka satifiket. Wani lokacin ma kira ɗaya daga ACAS ya isa akanta ya dawo daga tafiyar tashi 😅

Masu cewa basu da kuɗin shari'a, ba ko kwabo ake biya wajen shigar da ƙarar ba. An taɓa saka kuɗi a 2013, har fam 1,200, ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta maka gwamnati a kotu, Kotun Ƙoli ta soke a 2017. Lauya ma ba dole bane.

Na san maganar biza ce ke ɗaure bakin mutane, kuma bana ganin laifin wanda zamansa ke hannun kamfani in yayi shiru. Amma ke da kin riga kin bar su, tsoron me? Mai aiki kwana biyar a sati doka ta bashi hutun kwana 28 a shekara, abin da bai ci ba kuɗi ne za'a lissafa mishi ranar tafiya. Guminki ne, dare nawa kika kwana kina juya tsohuwa a gado, sannan kice kin barshi da Allah? Ki barshi da Allah ki kuma kira ACAS, ba'a hana haɗa biyun ba.

Ba zan yaudare ku ba, cin shari'a daban, kuɗi su shigo hannu daban, akwai kamfanonin da sai an sake bin su da masu karɓar bashi na kotu.

Ita ƙanwar tawa yanzu sai dai kotun gunduma, can shekara shida ne wa'adin bashi irin wannan amma sai ka biya kafin a saurare ka. Jiya mun kwana muna tono tsofaffin saƙonnin manajan a WhatsApp da takardun albashinta, Allah ya so bata goge komai ba.