An saki mutum, a ina kayansa suka tsaya?

Jama'ar Maradi, akwai wata ɗabi'a tamu da take ci mini tuwo a ƙwarya. Da an sako mana ɗan'uwa daga hannun ƴan sanda sai mu ce alhamdu lillahi, mu kama hanyar gida, salula da moto da ƴan kuɗin aljihunsa kuwa mu ce mun bar wa Allah.

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne. Wani dare aka yi kame ta wajen unguwar Zariya, aka haɗa da shi. Kwana biyu aka sake shi ba laifin komai, amma moton na can a wata komisariya, ka dawo gobe, ka dawo jibi. Inna cewa ta yi: "Ɗan nan, tunda ya fito da ransa, ka rabu da hukuma." Na ce: "Inna, moton nan fa bashi ne, mai shi yana jiran kuɗinsa kowane maraice."

Dokar Nijar ta ba ƴan sanda awa 48 su riƙe mutum don bincike, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin prokirer, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kayan da aka karɓa kuma iri biyu ne. Akwai na aljihu, waɗanda ake ajiyewa kawai saboda ba a shiga ɗakin tsarewa da su, ranar fita ake mayar maka da su. Akwai waɗanda aka riƙe a matsayin shaida, ana rubuta su cikin takardar bayanin bincike, a ɗaure su da hatimi, su bi dosiye zuwa kotu. Irin waɗannan, ko ka kwana a ƙofar komisariya ba za su fito ba. Takarda ake rubutawa ga prokirer ko alƙalin da maganar ke hannunsa, a nemi a mayar.

Mu ma muna da namu laifin, gaskiya. Mutum ya sayo moto ta Jibiya, ba takardar duwan, ba kat-giriz, ba ko rasit. Salula an saye ta hannu da hannu a bakin kasuwa. Ranar da aka ce kawo shaida naka ne, sai zare ido. Nan ne ƴan "bari in shiga maka" suke samun abinci, ka ba da jika biyar, ka ƙara jika goma, kayan da hakkinka ne ka koma kana sayensu.

Mu dai abin da ya cece mu, mai moton mutum ne mai adana takarda. Ya zo da su cikin leda, muka tambayi wanda ya yi rajistar kayan a daren, muka yi magana cikin ladabi. Rana ta tara aka turo moton, ƙanena ya sa hannu. Madubi ɗaya babu, tanki kuma ƙaf.