Yaronmu ya yi ɓul-ɓul, amma yaushe rabonsa da gudu?

A Kano idan aka ga yaro ya cika ya yi kumatu, sai a ce wa uwarsa "tubarkalla, hutu ya karɓe shi". Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Jiha ce da har yanzu tamowa ke kwantar da yara a asibiti, don haka ƙiba ta zama shaidar wadata. Damuwata ita ce wannan yabon ya rufe mana ido daga wata cutar da ke shigowa a ɓoye, wato ƙibar da ta wuce kima.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 5 zuwa 19 a faɗin duniya ne nauyinsu ya wuce kima, zuwa 2022 sun kai kashi 20. Shawararta ita ce yaro ya motsa jiki aƙalla minti 60 kullum, motsin da zai sa shi haki.

To mu duba yinin ɗan mai hali a Hotoro ko Rijiyar Zaki. Da safe adaidaita sahu ta kai shi makaranta, wadda sau da yawa gidan haya ne aka yanka ɗakuna, babu ko tsakar gidan kirki. Ya dawo ya ci taliya da lemon kwalba, ya wuce Islamiyya, bayan magariba ya kama waya. Ina minti 60 ɗin? Mu da muka tashi a cikin gari, langa da ƙwallon lungu da aiken kasuwa a ƙafa sun ishe mu, ba mu ma san sunansa motsa jiki ba. Yau iyaye na kulle ƙofa saboda tsoron masu ƙwacen waya da satar yara, kuma tsoron nasu na da dalili. Filayen unguwa kuwa sun zama shaguna.

'Yan mata sun fi shiga uku. Da yarinya ta fara girma an raba ta da gaɗa da 'yar gala-gala, ba a ba ta komai a madadinsu ba.

Wani zai ce ai abinci ne ke sa ƙiba. Yana da rabin gaskiya. Sukarin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya sai yaro ya yi tafiyar rabin awa ko fiye kafin ya ƙone shi, saboda haka wasa kaɗai ba ya sauke teɓa in ba a gyara kwano ba. Sai dai amfanin gudu ba a sikeli kawai ake ganinsa ba. Yana ƙarfafa ƙashi da zuciya, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci. Siririn yaron da ke yini a zaune shi ma bai tsira ba. Kuma mai ƙiba tun yana ƙarami yakan girma da ita, ciwon suga da hawan jini na jiransa a gaba.

Shi ya sa nake ganin bai kamata Ma'aikatar Ilimi ta sabunta lasisin makarantar da ba ta da wurin wasa ko yarjejeniya da wani fili na kusa ba. Sauran filayen firamaren gwamnati a bar su a buɗe da yamma ƙarƙashin kulawar masu unguwa, a ware wa 'yan mata ranakunsu tare da malamai mata. Filin Mahaha da na sukuwa ba za su ɗauki yaran birni duka ba, yaron Kurna kuwa ba zai je can kullum ba.